Kafin a Wanke Kwamfuta, a Tambayi Me Ke Cikinta



Wata safiya bayan sallar asuba na kunna kwamfutar da nake riƙe wa dattijonmu takardun jama'a a cikinta. Ta nemi kalmar sirri, na rubuta, ta karɓa. Daga nan fuskarta ta yi baƙi ƙirin, babu komai sai 'yar kibiyar nan da ke yawo idan an motsa linzami. A cikinta kuwa akwai sunayen waɗanda aka ɗaura wa aure a zaurenmu, da lissafin gudummawar jana'iza, da takardun sulhun gado, da hotunan tsofaffin wasiƙun ajami.

Na shaida wa maigida. Ya ce, "Malam, amanar mutane fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar." Mai gyaran farko da na kai wa ko kunna ta bai yi ba ya ce sai an yi mata fomate, wato a wanke ta tas a zuba sabon Windows. Na ɗauko abata na dawo gida.

Wani matashi ɗan unguwarmu ne ya warware mini matsalar. Ya ce fuskar da muke gani da gumakanta da sandar ƙasa, wata manhaja ce mai suna Explorer take shimfiɗa su. Idan ta kasa tashi, sai allo ya yi duhu, alhali takardu suna kwance lafiya a faifan ajiya. Misalinsa kamar baƙon da mai gadi ya amsa wa sallama, ya shiga zaure ya tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Rashin tabarma bai nuna an fasa rumbu ba. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, taga ta buɗe wadda injinanmu masu Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches, ya zaɓi sabon aiki, ya rubuta explorer.exe. Nan take fuska ta dawo. Kafin ya taɓa komai, sai da ya kwashe takardun zuwa wani faifai na waje.

Ya ƙara da cewa da hakan bai yi ba, akwai hanyar tayar da ita da ƙananan kayan aiki kawai, wato mode sans échec, ko a buɗe sabon asusun mai amfani, ko a cire faifan a jona shi da wata kwamfuta a kwashe abin da ke ciki. Sanadin cutar yakan zama ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta manhaja, ko ƙwayar cuta da kile ta kwaso daga shagon buga takardu, ko faifan da ya fara gajiya.

Ra'ayina a nan biyu ne. Na farko, kada wani ya yarda a wanke masa kwamfuta kafin a kwashe abin da ke cikinta a gabansa. Wanki shi ne mafi sauƙi ga mai gyara, shi ne kuma mafi tsada ga mai kaya. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, laifin nawa ne. Shekaru ina tara amanar jama'a a wuri guda, a garin da damina ke shigar da ruwa ɗakuna, laima ke cin ƙarfe, wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Mu da muka yi karatun allo bai kamata a koya mana wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu bn Sabit ya tattara Littafin. Sayyidina Usman kuma ya sa aka kwafa aka aika manyan birane. Ba su dogara da kwafi ɗaya ba.

Wani zai ce, ai a koma ga littafi da alƙalami a huta. Ban yarda ba. Takarda ma gara na ci, ruwa na jiƙa ta, gobara ba ta barinta. New Bell ta samo asali tun zamanin Jamusawa, wajen 1914, kuma kakanninmu fatake sun daɗe a nan. Amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya fito da takardar da kakansa ya bari? Al'ummar da take 'yar tsiraru a gari ta fi kowa bukatar shaidar zamanta a rubuce.

Saboda haka nake roƙon sakatarorin masallatai da ƙungiyoyin unguwa: kowace Juma'a a kwafe takardu zuwa faifai na waje, a ajiye shi a wani gida daban. Muhimman takardu a buga su, a sa hannu. Mai hali ya sayi na'urar riƙe wuta. A kuma sani kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, don haka tsofaffin injinanmu sun fi buɗewa ga cuta.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa ya kusa kamawa, Allah Ya kiyaye. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.