ZAUREN ZANGO: Kwangilar Filin Jirgi da Wanda Ke Riƙe da Ma'auni

A wannan wata za mu leƙa wani lamari da mutanenmu na Madina da Nima da Maamobi suke ɗauka kamar na manya ne su kaɗai, wato yadda ake ba da kwangilar gina filin jirgin sama. Alhali kuwa daga filin jirgin Akra, wanda muka saba kira Kotoka, alhazanmu suke tashi, ta nan 'yan kasuwarmu suke zuwa Dubai da Sin, bashin da aka gina shi da shi kuma yana cikin kuɗin tikitin da muke biya.

Sanin kowa ne an yi manyan ayyuka a 'yan shekarun nan. A 2016 aka aza harsashin tashar fasinjoji ta 3 a Akra, kamfanin Mapa na ƙasar Turkiyya ya gina ta a kan kuɗi kimanin dala miliyan 250, aka buɗe ta a watan Satumba na 2018, da shirin ta ɗauki fasinja miliyan 5 a shekara. A Tamale, bayan an tsawaita titin saukar jirage, alhazan Arewa suka fara tashi kai tsaye zuwa Saudiyya a 2016, suka huta da doguwar tafiyar mota zuwa Akra. A 2023 kuma aka buɗe musu sabuwar tasha. Kumasi ta sami tata a 2024. To, wa ya zauna ya auna takardun 'yan kwangilar nan, da wane ma'auni kuma?

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, wato Doka ta 663, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta shimfiɗa hanya. Ana tallata aiki, kamfanoni su miƙa takardunsu a rufe, a buɗe su a bainar jama'a ranar da aka tsayar, sannan kwamiti ya zauna ya tantance. Mutane da yawa suna zaton wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta shi ne ya ci. Ba haka abin yake ba. Sai an fara duba ko kamfanin ya taɓa yin irin wannan aiki, ko yana da injiniyoyi da kayan aiki, ko yana da ƙarfin aljihu, ko kuma akwai bankin da ya tsaya masa idan ya gudu ya bar aiki. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi su ne ake gwada farashinsu. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Aikin filin jirgi kuwa ya fi na titin mota haɗari. Titin saukar jirage sai ya jure nauyin jirgi mai tan ɗaruruwa, fitilunsa da alamunsa sai sun cika ƙa'idojin hukumar ICAO ta duniya, sau da yawa ma da dare ake gyara don jirage su ci gaba da sauka da rana. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a farashin farko: na'urar juya kaya, da gadar shiga jirgi, da injin sanyaya ɗaki, duk suna bukatar kayan gyara har shekara ashirin ko fiye. Ɗan kwangila mai wayo yakan rage farashi yau, gobe ya fanshe a kan ƙarin aiki da kayan gyara. A Jamus, filin jirgin Berlin da aka shirya buɗewa a 2011 bai buɗe ba sai 2020, musamman saboda matsalar na'urorin kariya daga gobara da raunin sa ido. Idan haka ta sami Jamusawa, mu sai mu buɗe ido sosai.

Saboda haka ne ake ɗauko mashawarta: injiniyan da zai duba zane da lissafin kayan aiki, lauyan da zai karanta yarjejeniya layi-layi, da masanin kuɗi da zai auna ruwan bashi. Mu 'yan zango mun daɗe da sanin irin wannan tsari. A kasuwar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman, kamar yadda yake a cinikin goro tun zamanin kakanni, baƙo ba ya ciniki sai da mai masauki da dillali. Amma kowa ya san dillalin, kowa ya san la'adarsa, kowa kuma ya san wanda yake wa aiki. Dillalin da ya karɓa a ɓoye daga hannun mai sayarwa alhali yana ba mai saye shawara, sunansa ya ɓaci a kasuwa har abada.

Irin wannan ɓoyo ne ya jawo wa ƙasar nan magana a 2020, lokacin da kamfanin Airbus ya amince zai biya tarar kimanin yuro biliyan 3.6 ga Faransa da Ingila da Amurka a kan zargin cin hanci a ƙasashe da dama. An ambaci Gana a ciki, game da cinikin jiragen soja samfurin C-295 tsakanin 2009 da 2015, da kuɗin da aka biya masu shiga tsakani. A 2024 ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ya ce bai sami shaidar laifi a kan waɗanda aka ambata a nan gida ba. Mu darasin muke so: mai shiga tsakani da mai sayarwa yake biya, na mai sayarwa ne, ko da an kira shi mashawarci.

Akwai wata kafa kuma. Ayyukan Kumasi da kashi na biyu na Tamale sun sami lamunin hukumar tallafa wa fitar da kaya ta Ingila. Idan kuɗin aiki ya zo tare da ɗan kwangila, gasa takan ragu, domin wanda ya kawo bashi da wuya a ce masa ya ja gefe. A irin wannan hali ne aka fi bukatar mashawarcin da gwamnati kaɗai take biya, wanda ba shi da alaƙa da kamfanin, wanda kuma zai iya cewa wannan farashi ya yi yawa.

To mene ne namu a ciki? Sashe na 181 na tsarin mulkin 1992 ya ce bashin gwamnati sai da amincewar majalisa, muna kuwa da wakilai a can daga Madina da Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya tambaya. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su riƙa yi wa wakilanmu tambaya uku duk lokacin da aka kawo sabon aikin filin jirgi: kamfani nawa suka nema, wane ne mashawarcin, wa yake biyansa? Wakilin da ya san za a tare shi da waɗannan tambayoyi bayan sallar Juma'a, zai karanta takarda kafin ya ɗaga hannu.

Allah ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.