Dashen inji a tsohuwar Golf: aikin bai ƙare a bakin bonet ba

A Jamus da Ingila akwai mutanen da hutunsu na ƙarshen mako yake ƙarewa a ƙarƙashin tsohuwar mota, hannu dumu-dumu da baƙin mai, ba don abincinsu yana can ba. Sha'awarsu ita ce su samo ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan da ƙofar bayansu ke ɗagawa har da gilashi, su cire injin da ta zo da shi, su dasa mata wanda ya fi shi ƙarfi. Volkswagen Golf ce gwanar wannan fage. An fara ƙera ta a 1974, samfuri na biyu ya fito a 1983, na uku a 1991, kuma waɗannan biyun na baya su ne har gobe suke jigilar fasinja a hanyoyin Arewa.

Aikin da ya fi shahara shi ne ɗaukar injin VR6 na Golf 3, mai silinda shida da ƙarfin doki 174, a cusa shi cikin Golf 2 da ta fito daga kamfani da doki 75. Yana shiga ne saboda an ƙera silindojinsa a matse, layi biyu ƙarƙashin murfi ɗaya, don haka bai cin wuri sosai. Masu Peugeot 205 kuma sukan ciro injin Mi16 daga 405, masu Honda Civic na farkon shekarun 1990 su nemi K20.

Wanda ya dubi abin daga nesa zai ce wasan masu kuɗi ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai duk wanda ya bi yadda suke aikin zai lura cewa ɗora injin shi ne mafi sauƙi a ciki. Inji mai silinda shida ya fi na da nauyi, nauyin kuma a kan tayoyin gaba yake zaune, saboda haka dole a sauya shokozoba da ƙafafun da injin ke zama a kai. Lagireton da ya ishi ƙaramin inji ba zai sanyaya babba ba. Wayoyi da na'urar da ke sarrafa mai da wuta sai an haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a nan ne ma galibin motocin suke shekara a gareji an lulluɓe su da tamfol. Sannan birki. Ƙananan Golf 2 da birkin ganga suka zo a baya, an kuma auna shi ne da gudun doki 75. Wanda ya ninka ƙarfin mota ya bar mata birkin jiya ya gina wa kansa rami ne.

Bayan kusoshi sai takarda. A Jamus, sauyin da ba a amince da shi ba yana soke izinin motar na hawa titi, sai injiniyan duba motoci irin na TÜV ya bincika aikin an shigar da shi cikin takardunta. A Ingila mai mota yakan sanar da hukumar DVLA lambar sabon injin da girmansa, haɗe da shaida kamar rasit, ya kuma gaya wa kamfanin inshora, in ba haka ba ranar hatsari ana iya hana shi diyya.

A Najeriya ana sauya inji kullum, amma larura ce take sa a yi. Ma'aikacin da injin motarsa ya buga a hanyar Kubwa ba zai sayi sabuwa da albashin wata ba, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Apo zai nufa, ko ya aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a samo masa ɗan Beljiyam. In an samu irin nasa, falillahil hamdu. In ba a samu ba, bakanike ya ce akwai wani da zai shiga da ɗan walda. Gwanintar waɗannan makanikai ba abin raini ba ce. Da kayan aiki kaɗan suke yin abin da Bature yake yi da littafi a buɗe. Abin da babu shi ne wanda zai duba bayan sun gama. Motar takan fito da lambar inji ɗaya a jiki, wata daban a takarda, mai ita bai damu ba sai ranar da zai sayar, ko ranar da ɗan sanda ya buɗe bonet ya fara maganar injin sata. Ita ce kuma da yamma take kwasar ma'aikata daga Sakatariya zuwa Nyanya da Mararaba, mai ita yana neman kuɗin mai.

Za a ce ƙara wani bincike ƙara wata ƙofar na goro ce kawai. Wannan tsoro yana da tushe, domin direban Abuja ya san abin da tsayarwar bakin titi ke nufi. To amma a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO tsayar da motoci da kama su da cin tara a kan hanya. Hukumar da aka rage wa aikin titi ta sami sararin komawa aikin da sunanta yake nufi, wato duba lafiyar mota a cibiyar dubawa.

Abin da ake buƙata bai kai girman sabuwar doka ba. Fom guda na sauyin inji, da kuɗin da aka buga a bango kowa yana gani, da rasit daga mai sayarwa ɗauke da lambar injin, da gwajin birki a kan na'ura idan sabon ya fi tsohon girma, a gama a yini ɗaya. Wannan takarda za ta wanke mai mota a gaban ɗan sanda, ta kare mai saye, ta kuma toshe wa ɓarayin mota hanyar sayar da inji a ɓoye. Hadiman da ke shirya wa Ministan Babban Birnin Tarayya takardu za su iya rubuta ta a shafi biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda za su buga ta a ofis da irin waɗannan motoci suke zuwa aiki.