Yaron Aiki Ma Yana Son Gayaunarsa

Jama'a, duk mai shago, ko mai injin niƙa, ko tela mai ƴan koyo, ya san wannan rana. Yaron da ke zuwa aiki da sassafe ya fara makara. Ba fara'a, ba magana, in an aike shi sai jan ƙafa. Nan da nan sai maigida ya ce, "Lalaci ne ya kama shi." Ni kuwa ina ganin ruwa ba ya tsami banza.

Mu duba yadda iyayenmu suka tafiyar da gandu, a nan Gidan Sori da sauran ƙasar Maraɗi. Saurayi yana noman gandu tare da kowa, amma maigida yakan yanka masa ƴar gonarsa, wato gayauna, wadda wasu ke kira gamana. Yakan kuma bar masa wasu ranaku ya noma ta. Abin da ya samu a ciki nasa ne. Tsofaffi sun gane cewa wanda ba ya da nasa a cikin aiki, hannunsa ne kawai ke wurin, zuciyarsa tana wani gari.

To, yaron aiki ma haka yake. In ka ga ransa a ɓace, fara da tambaya. Kira shi gefe bayan la'asar, inda ba idon mutane, ka ce, "Ɗana, me ke damunka?" Sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Da fari zai ce, "Ba komi, Alhaji." Kada ka yi fushi, kunya ce. Sake tambaya wata rana. Wataƙila mahaifiyarsa ce ba lafiya. Wataƙila wata magana ce ka faɗa masa a gaban abokansa.

Sai batun haƙƙi. A shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta kai mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a wata. Mun san a ƙauye ba kowane maigida ke kaiwa nan ba. Amma abin da kuka yi alkawari, ba shi ran da kuka ce. "Sai ran kasuwa" ta kori yara da yawa.

Bayan haka, yanka masa gayaunarsa a cikin aikin. Mai injin niƙa ya koya wa yaro kwance inji da gyara shi, kada ya bar shi da ɗaukar buhu shekara uku. Mai shago ya aike shi saro kaya a Maraɗi, ya bar shi ya riƙe littafin bashi. In ya yi daidai, a yaba masa a gaban jama'a. In ya yi kuskure, a gyara masa a ɓoye.

Wasu za su ce lallashi yana jawo raini, kuma in ka koya wa yaro sana'a gobe zai buɗe nasa wurin. Gaskiya ne, zai iya buɗewa. Amma wanda ka hana ilimi ma zai tafi. Da an gama girbi sai ka ji ya bi mota ci-rani, ya nufi Katsina ko Kano, ko ma Libiya. Wanda ka koyar, ko ya tafi, da sunanka zai tafi, ya riƙa cewa, "Wane ne ubangidana." Akwai kuma yaron da ko me aka yi masa ba zai gyaru ba. Wannan a biya shi haƙƙinsa, a rabu lafiya. Amma kada a yanke masa hukunci tun ba a ji ta bakinsa ba.

Saboda haka, maigida, kafin ka ɗaga murya gobe, tambayi kanka: me yaron nan yake da shi nasa a cikin aikina? Allah ya sa mu riƙe amanar na ƙasa da mu, amin.