A Riƙa Kafe Madubin Ɗaki a Bango

Edita, ka ba ni fili in ja hankalin iyaye da kafintocinmu na Wudil.

Yanzu yayi ne a jera wa amarya dogon madubi, a jingine shi a bango kawai. Kwanan baya ɗan maƙwabciyata mai rarrafe ya dafa nasu zai miƙe, madubin ya rufto masa, sai da aka yi masa ɗinki a goshi. Ko a Amurka, a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa miliyan 29 saboda tana danne yara.

Don Allah kafintoci, ranar jere ku kafe madubi da ƙarfe da ƙusa ta sama. Bangon ƙasa kuwa, a fara kafa katako.

Wata uwa,
Wudil, Jihar Kano