Zuwa Ga Malaman Kimiyya Na Wurno, Rabah Da Goronyo

Ƙannena,

Na san kuna ƙoƙari. Aji cike da yara, ɗakin gwaji babu kaya, amma kuna shiga. Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuna rubuta wa yara a allo cewa kalori ɗaya daidai yake da jul 4.2, su haddace, a tashi. To, tare wanda ya ci jarrabawar ka tambaye shi: cokalin tafasasshen ruwa da randar ruwa mai ɗumi, wanne ya fi tara zafi? Zai ce cokali, don shi ke ƙuna. Bai rarrabe digiri da jul ba. Digiri tsananin zafi yake nunawa, jul kuwa yawan zafin da aka zuba. Wannan laifinku ne, ba na yaro ba.

Waɗanda suka kafa ma'aunan nan da ruwa suka yi aiki. Kalori, daga sunan zafi a Latin, shi ne zafin da zai ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. James Joule, mutumin Ingila, a shekarun 1840 ruwa ya riƙa kaɗawa da filafilai yana auna ɗumin da ya ƙaru. A 1948 aka tsayar da sunansa a matsayin ma'aunin zafi na duniya. Ku kuma ruwan Rima na gefenku, amma alli kaɗai kuka sani!

Matan da ke guma shinkafa a Goronyo kullum suna ɗora tukwane. Lita 20 daga digiri 30 zuwa tafasa na buƙatar jul kusan miliyan 6, yawancin zafin itacen kuwa iska yake bi ta gefen murhu. Me zai hana ɗan ɗaya daga cikinsu ya iya lissafin, ya gaya wa uwarsa abin da murfi ke rage mata na itace?

Malamanmu na da ba su fi ku kaya ba. Gwangwani da risho suke kawowa, mu auna da hannunmu. Raina na ɓaci in na tuna. Sardauna ma, ɗan Rabah, sai da ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato; aikin nan ba na wasa ba ne.

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Don Allah, kafin darasin zafi na gaba, ku aro ma'aunin zafin ruwa, ku shiga aji da tukunya.

Wassalam.
Yayanku, tsohon malamin kimiyya.