Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Maimaita Karatun Almara a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai daga masu yi musu leƙen asiri. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar ta fi ƙamari. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. An yi rubutu mai yawa a kan asarar da 'yan kasuwa suka tafka a waɗannan watanni, da wahalar masu neman jin lafiyar 'yan uwansu. Akwai kuma wata asarar da ba a lissafa ba. Matashin da ke bin shiri mai dogon zango a YouTube, da matar da ke karanta labari shafi-shafi a zauren WhatsApp, duk sun wayi gari an yanke musu labari a tsakiya. Wanda bai rasa nasa ba shi ne mai tsohon littafi a ƙasan akwati, ko da kuwa ya karanta shi sau goma.

Irin wannan mai karatu, wanda ke komawa ga littafi ɗaya shekara bayan shekara, ana yi masa kallon mai ɓata lokaci. Idan kuma littafin na aljanu ne da dodanni da tsuntsu mai magana, sai a ƙara masa da tuhumar yarinta. Wannan hukunci kuskure ne a ko'ina, amma a kudancin Katsina kuskure ne mai tsada. A yankin da ake iya rufe makaranta cikin dare ɗaya, son labari da maimaita shi na daga cikin 'yan abubuwan da ke riƙe karatun yaro kada ya zube.

Al'ummar da ta san darajar maimaici

Abin mamaki ne a raina maimaici a ƙasar da aka gina iliminta a kansa. Almajiri yana wanke allo ne bayan ya biya karatunsa har ya zauna. Wanda ya sauke Alƙur'ani yakan koma farko, mahaddaci kuwa bai rabuwa da tilawa har ƙarshen rayuwarsa. A makarantun zaure ana karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ɗalibi ya gama a gaban wani malami ya sake ɗauka a gaban wani, babu mai cewa ya yi asarar lokaci. Kowane azumi ana komawa kan tafsirin Jalalaini, masu sauraro kuma su cika masallaci kamar ba su taɓa ji ba. Ba a haɗa darajar waɗannan littattafai da ta littafin hira, amma hikimar da ke ƙarƙashin al'adar ɗaya ce: abin da aka karanta sau ɗaya an gaisa da shi ne kawai, sai an maimaita ake saninsa.

Masana koyar da karatu sun iso ga wannan matsaya ta tasu hanyar. A 1979 wani masani ɗan Amurka, S. Jay Samuels, ya bayyana dabarar sa yaro ya maimaita karanta rubutu ɗaya har bakinsa ya saki. Dalilin a fili yake. A karatun farko, hankalin mai koyo yana ƙarewa ne wajen haɗa baƙi da wasali. A na biyu da na uku kalmomin sun zama sanannu, sai hankali ya sami sararin bin ma'ana. Matsalar ita ce babu yaron da zai maimaita littafin darasi don ransa. Abin da yake maimaitawa ba tare da bulala ba shi ne labarin da ya kama zuciyarsa.

A nan ne batun ya shafi Ƙanƙara kai tsaye. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin. An sako 344 a ranar 17 ga watan, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa, inda hare-hare suka sa iyalai yin hijira zuwa Funtuwa da sauran garuruwa, yara da dama sun yi watanni ba su ga allon aji ba. Karatu kuwa kamar wuƙa yake, idan aka ajiye sai ya yi tsatsa. Yaron da ya tsere da littafin da yake ƙauna a cikin kayansa yana da abin wasa wuƙarsa. Wanda bai taɓa son wani littafi ba, ranar da aka rufe makaranta ita ce ranar da ya fara mantuwa.

Littafi ɗaya, masu karatu uku

Masu cewa babu sabon abu a littafin da aka riga aka karanta sun manta cewa mai karatun ne yake sauyawa. A ɗauki Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, ya shigar da shi gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ɗan shekara goma sha biyu dariya yake nema a cikinsa, yana jiran ya ga irin ƙullin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe za su yi wa juna. Ɗan shekara ashirin da biyar zai lura da yadda marubucin ke zolayar alƙalai da fadawa da masu cin abinci da malanta. Wanda ya kai arba'in, ya yi jinyar ɗa ko mahaifi, zai ga labarin mutumin da ya bar gida shekaru yana neman maganin da kowa ya ce babu shi. Shafukan ba su ƙaru ba, rayuwa ce ta ƙara wa mai karatu idanu.

Haka Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makircin halaka ɗansa Musa, aku kuma yana riƙe yaron da labari dare bayan dare don kada ya fita daga fada ya faɗa tarko. Wanda ya karanta wannan a zamanin zaman lafiya dabarar jera labarai kawai ya gani. Uban da ke zaune a Ƙanƙara ko 'Yankara ko Sabuwa, wanda ya san abin da ake nufi da hana yaro fita bayan magariba, zai karanta shi da wata fahimta dabam. Imam bai san za a yi wannan zamani ba, amma littafinsa ya jira zamanin ya same shi a shirye. Wanda bai koma ga littafin ba, wannan karatu na biyu ya wuce shi.

Tuhumar gudun gaskiya

Babbar sukar da ake yi wa almara ita ce tana ɗauke mutum daga halin da yake ciki. Mene ne amfanin labarin aljani ga manomin da ba ya iya zuwa gonarsa a Daudawa? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a yi mata amsar raini ba. Littafi ba ya ƙosar da mai yunwa, ba ya kuma biyan kuɗin fansa.

Sai dai tarihin adabin Hausa ya nuna cewa almara ta fi bunƙasa ne a lokacin ƙunci. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya fito ne daga gasar 1933, shekara talatin bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa da yaƙi. Kashin farko na littafin tarihi ne na turjiya da shan kaye. Daga nan jarumin ya tsallaka duniyar aljanu da dodanni, inda takobinsa ke ci. Mutanen da aka ƙwace wa mulki sun sami fagen da za su ga kansu a tsaye. A 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, J. R. R. Tolkien ya gabatar da lacca a Sikotilan yana kare tatsuniya daga irin wannan tuhuma, inda ya bambanta tserewar fursuna daga kurkuku da gudun sojan da ya bar bakin daga. Yaron da ke kwana cikin fargaba, idan ya shiga labarin da ake kayar da dodo, hutu yake ba zuciyarsa, yana kuma koyon cewa mugunta tana da iyaka. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kakanni ke yi a tsakar gida wannan aikin suke yi tun kafin zuwan boko.

Inda talabijin ya shigo

Matasan yau da yawa ta allon waya suka fara haɗuwa da almara. Shagunan masu tura fina-finai sun cika memorin wayoyi da shirye-shiryen Indiya irin su Naagin, da fassarar Algaita, da Game of Thrones ga masu jin Turanci. Iyaye da malamai suna da hujjar damuwa, domin wasu daga cikin shirye-shiryen nan, musamman na ƙarshen, cike suke da tsiraici da zubar da jinin da bai dace da yaro ba. Tace abin da yara ke kallo wajibi ne.

Amma wanda ya ɗauki talabijin a matsayin abokin gabar littafi bai duba tarihi da kyau ba. Game of Thrones, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, daga littattafan George R. R. Martin aka ciro shi, ya kuma kai ɗimbin masu kallo ga sayen littattafan. A nan gida, lokacin da NTA ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice a ciki, yara da yawa ta nan suka fara jin sunan littafin. Matashin da ya haddace sunayen gidajen sarauta bakwai na wata ƙasar da babu ita a taswira ya riga ya nuna yana da ƙishin dogon labari. Abin da ya rage shi ne a miƙa masa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ko littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini.

Duk da haka akwai bambancin da ke sa littafi ya fi cancantar a dage a kansa. A talabijin, wani ne ya riga ya zana fuskar dodon da girman fadar, mai kallo karɓa kawai yake yi. A littafi, mai karatu ne maginin, shi ya sa Waziri Aku na kowane mutum ya bambanta da na maƙwabcinsa. Sannan allo yana buƙatar caji da data da sabis, kuma 2021 ta nuna cewa duk ukun ana iya ɗauke su da sanarwa ɗaya. Littafi hasken rana ko fitilar hannu kawai yake nema.

Abin da ya kamata a yi

Idan ana maganar farfaɗo da ilimi a yankunan da rashin tsaro ya ɗaiɗaita, lissafin bai wuce katanga da kujeru da rufin kwano da masu gadi. Duk ana buƙatarsu. Amma aji mai sabon fenti wanda babu littafin hira ko ɗaya a cikinsa zai yaye yaran da suka iya haɗa baƙi, ba su taɓa son karatu ba. Gyaran wannan bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba. Hukumar SUBEB da Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Katsina za su iya sa akwatin littattafan hira na Hausa a kowace firamare da ƙaramar sakandare, a kuma bar yara su tafi da su gida. Littafin da aka kulle a ofishin hedimasta don kada ya yage bai yi wa kowa amfani ba. Wanda ya tsufa a hannun yara shi ne ya biya kuɗinsa.

Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wanda ya daɗe yana buga ayyukan Imam da tsararrakinsa, yana da kasuwa a nan idan aka sami mai saye da yawa. Yankin kuma yana da abin alfaharinsa: Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, ta nuna cewa daga wannan shiyya ana iya rubuta littafin da mata za su riƙa karɓa hannu da hannu a duk faɗin Arewa.

Nauyi mafi girma yana kan 'yan asalin waɗannan garuruwa da ke aiki a Katsina da Kaduna da Abuja. Mafi yawansu za su iya faɗin sunan littafin da ya fara sa su son karatu, wasu ma har launin bangonsa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda ke tara kuɗin gyaran rijiya da masallaci, ba za su gaza sayen kwafi hamsin na littafi ɗaya ba. Wanda zai je gida da Sallah ya sa littattafai biyu a cikin tsarabar yara. Idan ya koma baɗi ya tarar da yaron yana karanta wanda aka ba shi bara, bango ya cire, gefen shafuka ya yi baƙi, kada ya tambaye shi dalilin da bai wuce wurin ba. Ya zauna ya ce a ba shi labarin, domin akwai yiwuwar shi ma ya ji abin da bai ji ba a karatunsa na farko.