Ba Jahilci Ba Ne, Hausa Ce Sanye Da Rigar Turanci

Ranar da na fara miƙewa a ajin GNS 101, na ce wa na kusa da ni: "borrow me your biro." Aji ya kwashe da dariya. Wallahi daga ranar ban ƙara ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Na san mu da yawa da muka fito daga Birnin Kudu, Gwaram, Sara da ƙauyukan kewaye mun sha irin wannan. Shi ya sa nake son mu tattauna, 'yan uwa ɗalibai.

Ni a ganina, yawancin kurakuranmu ba na daƙiƙanci ba ne. Da Hausa muke tunani, sai mu ɗora kalmomin Turanci a kai. Bahaushe yana da "ara" guda ɗaya: na ara, ara mini. Bature kuwa ya raba: mai karɓa ya yi "borrow", mai bayarwa ya yi "lend". Haka "ji": muna jin magana, muna jin wari, muna jin Hausa. Sai ka ji mutum ya ce "I hear smell", alhali "I can smell something" ne. "Sha" ma haka: mu shan magani muke yi, amma a Turanci "take medicine" ake cewa, ba "drink" ba. Kana fita ka ce wa malami "I am coming", wato "ina zuwa", shi kuma yana ganin ƙeyarka. "I will be back" ya kamata. Miya ta yi daɗi, ka ce "sweet", sai ka ce an zuba mata sukari.

Akwai kuma waɗanda ba Hausa ce ta jawo su ba, gadonsu muka yi daga bakin manya: "my names are", "informations", "equipments", "discuss about". Duk ba daidai ba ne, ko da mai digiri ne ya faɗa. Batun p da f kuwa, Hausa ba ta bambanta su, sai an horar da baki.

Wani zai ce, "Ai Turanci ba harshen uwata ba ne." Gaskiya ne. Amma da wane harshe ka rubuta WAEC ko NECO? Da wanne za ka cike littafin SIWES, ka kare furojet ɗinka, ka zauna intabiyu? Mai ɗaukar aiki ba zai tambaye ka daga wane gari kake ba, takardarka zai karanta.

Masu dariya kuma, haba! Wanda ka kunyata yau ya rufe baki ke nan, kuma rufaffen baki ba ya gyaruwa. In ka iya, ja shi gefe ka nuna masa.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai: a ware awa ɗaya duk mako, a zauna a yi hira da Turanci, a riƙa bayyana tushen kowane kuskure da Hausa, kuma dokar wurin ita ce ban da dariya. Kowa ya tanadi ɗan littafi yana rubuta gyaran da aka yi masa. Nawa ya cika shafi goma, kuma yanzu ina ɗaga hannu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.